Awa Arba'in da Takwas

A Calvillo ƙamshin gwaiba ke riga zakara tashi.
Mahaifina Eustaquio ya shekara talatin yana tsinkarta,
tafinsa kamar ɓawon itace,
bai taɓa sanin man shafawa ba.

Ni kuwa farar riga nake sawa a birni,
ina tace ruwanta cikin kwalba
wadda ba ta kai ɗan yatsa ba.

Gwaggo Amparo, tana tuƙa alewar gwaiba, ta ce:
"Abin da ciki ya karɓa, fata ce za ta ƙi?"
Na ce, Gwaggo, barkono ma cinsa ake,
amma wa ke kai shi ido?

Ran Litinin muka ɗiga ɗigo guda
a dantsen mutum ashirin da shida,
muka rufe da filasta,
kar ruwa ya taɓa sai Laraba.

Ashirin da biyar, lafiya lau.
Na ƙarshe, Leobardo direban bas,
ya naɗe hannun riga:
ja, tamkar cizon cinnaka.
Ya yi dariya, "Ɗan ƙaiƙayi ne kawai."
Ni ban dara ba.
Na rubuta shi da jan biro,
mutum ɗaya ma mutum ne.

Da dare Baba ya kira:
"'Ya'yan gonata sun ci jarrabawa?"
Na ce da saura; za mu sirka, mu sake.
Ya yi shiru. Ina jin iska a ganye.
"Ko a bishiya," ya ce,
"ba a yi mata gaggawa."