Inda Allura Ke Maƙalewa

Asabar ɗin farko ta kowane wata
ni ke buɗe zauren cocin nan na Walsall,
in jera tebura, in ɗora ruwan shayi.
Kafin bakwai sun yi layi cikin yayyafi,
dattawa masu furfura har kafaɗa,
da rigunan fata da suka daina rufe tumbi,
kowa rungume da akwatin faya-fayai
kamar mai kai jariri awo.

Faifai ɗaya suke nema, alhali kowa na da shi a gida.
Samari huɗu 'yan unguwar maƙera suka yi shi
shekara hamsin da 'yan kai,
a bangonsa kujerar aski ce tsaye cikin teku.
Sun yi wasu tara bayansa, ba mai cigiyarsu.
Biyu cikin samarin ma ƙasa ta rufe musu ido.

Ni dai da farko jitar nan
injin markaɗe take tuna mini.

Na ga Tranter ya ɗaga nasa saitin fitila,
ya riƙe numfashi, yana juya shi a hankali,
da madubin masu gyaran agogo a ido
yana karanta wasu 'yan lambobi kusa da rami.
Bugun farko, in ji shi, fam ɗari shida,
allura ba ta taɓa hawa kansa ba.
Na ce a raina, tuwon da ba a taɓa ci ba
me ya sani game da yunwa?

Musu kuwa ba ya ƙarewa.
Wai gefen farko ya fi, wai ina, na biyu.
Wai mai ganga ya yi kuskure a waƙa ta huɗu
kuma kuskuren nan shi ne gishirin miyar.
Kowa ya rantse yana wurin
daren da suka fara kaɗa ta a Birmingham.
In ka ƙirga masu rantsuwar,
ɗakin mutum ɗari biyu ya ci dubu goma.

Wajen sha ɗaya Glenys ta shigo
da jakar kanti a hammata.
Nata bangon ya yi laushi kamar tsumma,
ga shatin kofin shayi a tsakiyar tekun,
ga rubutun biro: Na Alwyn ne, kar a taɓa.
Tranter ya duba sau ɗaya.
Ya kwarzane, Madam. Fam huɗu, don ke ce.

Ta ce ta sani. A waƙa ta uku ne.
Nan allura ke maƙalewa, ta yi ta nanata kalma guda.
Shekara arba'in da ɗaya
Alwyn kan taso, ko da cokali a bakinsa,
ya ɗan taɓa ta da yatsa, waƙa ta wuce.
Tun watan Fabrairu ba wanda ya taso.

Ban san wa ya ɗora shi kan na'urar gwaji ba.
Ciniki ya tsaya.
Ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce,
leɓɓa suna motsi ba sauti, kamar masu lazimi.
Sai ga wurin.
Kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya,
da ɗan ƙas a tsakani.
Mutum sittin sun san abin da ke biye,
yana nan cike da bakinsu,
ba wanda ya furta.

Tranter ya miƙa hannu.
Ta ce, bari tukuna.

Ta tsaya har shayin da na zuba mata ya huce,
sannan ta sa nata yatsan.
Jita ta ɓarke kamar an buɗe famfo,
wani mai sanda ya share ido da hularsa
ya ce sanyin ɗakin ne.

Ta mayar da abinta jaka, ta tambaye ni motar Bloxwich.

Da yamma ina naɗe tebura
na ga Tranter yana sa na fam ɗari shida a leda biyu,
sumul, ba ko ƙura,
bai taɓa ce wa kowa komai ba.