Daren Talata a Kakuri

Sunan wasan ya ɓace mini, Kande.
Na sa jikanmu ya nemo,
ya latsa waya har ta yi zafi,
ya ce, "Kaka, duniya ba ta san shi ba."
To, ni na san shi.

Daren Talata, bayan Isha'i,
in na taso daga masaƙa da auduga a gira,
ke ce mai buɗe ƙofofin talabijin
kamar mai buɗe wa baƙi zaure.
Hoto baƙi da fari. Eriya a bisa gora,
Iliya na maƙwabta yana juya ta a waje,
yana "Ya fito?" muna "Koma kaɗan!"

Sai ga su.
Bature mai sanƙo da tumbi,
matarsa doguwa kamar rake,
falo ɗaya, kujera mai zanen fure,
da butar shayi wadda ba ta hucewa.
Kullum akwai abin da zai gyara,
yau famfo, wani makon agogon bango,
kullum abin ya fi ƙarfinsa.
Ita ko ta harɗe hannu, ta ɗaga gira guda,
ta jefa masa magana a taƙaice,
sai wasu mutane da ba ma gani
su ɓarke da dariya a cikin akwati.

Ki taɓo ni: "Tanimu, me ta ce?"
Ni da Turancina bai wuce takardar albashi ba,
sai in yi gyaran murya.
"Ta ce in ya ƙara taɓa famfon nan
gobe da asuba tana Zariya."
"Baturiya da Zariya?"
"Zariyarsu ta can."
Ki yi dariya har ɗankwali ya zame,
ki rufe baki kada yara su farka.

In NEPA ta ɗauke wuta a tsakiya
ni ke ƙarasa wasan a duhu.
In ba shi bashin mai kanti,
in ba ta uwa mai yawan zuwa,
in sasanta su kafin a kunna fitila.
Shekara biyu ina zuba miki ƙarya,
ban taɓa jin nauyin ko ɗaya ba.

Aka daina nuna shi, ba sallama.
Masaƙa ta rufe.
Talabijin ta tafi Kasuwar Barci a bayan amalanke,
muka ci kuɗinta masara.

Sai ranar nan a asibiti,
likita ya juya wajen nas
ya yi Turanci ƙasa-ƙasa don kada ki ji,
kika ɗago daga matashi
kika ba shi amsa da harshen nan, tiryan-tiryan.
Na saki baki.
Da ya fita kika ce, "Ajin yamma, gidan Malama Rifkatu,
tun kafin a haifi Sabo.
Duk abin da doguwar nan ta faɗa na ji.
Ba ta taɓa ambaton Zariya ba."
Na ce, to don me kika bar ni?
Kika ɗaga gira guda.
"Naka ya fi daɗi."

Yanzu na lissafa, Kande:
masu dariyar nan na cikin akwati
da wuya a sami mai rai a cikinsu.
Mai sanƙo ma, da doguwar,
wa ya san inda aka kwantar da su?
Kin bi su, kin bar ni da fassara.

Famfon tsakar gida na ɗiga tun Ramadan.
Jiya na ɗauko sifana, na durƙusa,
na murɗa hagu maimakon dama,
ruwa ya wanke ni har hula.
Na tsaya a jiƙe, ina sauraro.
Ba wanda ya yi dariya.
Jikanmu ya leƙo ta taga
ya ce, "Kaka, a kira mai gyara?"
Na ce a bari sai Talata.