Bokiti Goma Sha Ɗaya

Ni ce Perpetua, mai sharar makaranta
a tsibirin da jirgin Cebu ke leƙowa sau biyu a mako.
Shekara goma sha tara ina riƙe da tsintsiya,
bokitaina goma sha ɗaya, kowanne ya san wurinsa:
ja a gindin allo,
mai tsagaggen baki kusa da bencin Nilo,
tsohuwar tukunyar uwata a ƙarƙashin taswira,
inda yoyo ya cinye rabin Mindanao.

Ran Alhamis kansiloli suka taru a aji huɗu,
don guguwar bara ta cire wa zauren gari hula.
Manya a kujerun yara,
gwiwa na gaisawa da haɓa.
Kuɗin ɗaya ne, bakin biyu:
feso dubu ɗari shida,
ko kwanon rufin makaranta,
ko gadar da ake ɗaure kwale-kwale.

Crisanto Abellana ya miƙe, tafinsa duk kantar igiya.
Ya ce, "Ban ƙi karatu ba.
Luz ɗina ta fi ni iya lissafin kifina.
Amma gada ta ruɓe.
Shekaranjiya ƙanena ya burma har ƙugu, da kwando a ka.
In kifi bai hau tudu ba, da me za a sayi fensir?
Yaro mai yunwa ba ya gane baƙi
ko da zinariya aka rufe masa ɗaki."
Aka tafa. Ni ma saura kaɗan,
don bai faɗi ƙarya ba.

Malama Teodora ba ta ɗaga murya ba, rajista ta buɗe.
"Kwana talatin da ɗaya muka rasa bana.
Hadari na haɗowa, sai in ce kowa gida.
Gada in ta karye, ana ganin inda ta karye.
Ta yaro ba a gani
sai ranar da aka miƙo masa takardar gonar kwakwa,
ya dangwala yatsa, ya yi godiya."

Kansila Barredo ya ce wannan nauyin Manila ne,
a rubuta wasiƙa.
Aka ce an rubuta bakwai.
Daga baya wata ta ce, "Naka 'ya'yan fa, wace makaranta suke?"
Sai ya shiga duba agogo.

Nan sama ta sa baki.
Ɗigon farko ya faɗa kan takardar kasafi, ya lashe sifili biyu.
Na biyu ya sami sanƙon ciyaman.
Duk aka waiwayo gare ni.
Bokitaina na kife a bayan ƙofa,
ni kuwa na naɗe hannu.
Karon farko a shekara goma sha tara, ban motsa ba.
Na bar su suna jan kujeru, suna neman busasshen wuri,
kafaɗa na gugar kafaɗa,
yadda Nilo ya ƙware tun yana ɗan shekara shida.

Na ce a raina, yau kam gani ya kori ji.
Ashe da saura.

Huɗu suka ɗaga hannu don rufi, huɗu don gada.
Ciyaman ya share kansa da hankici,
ya ce adalci shi ne a raba.

Yanzu rabin rufinmu na ƙyalli, rabin na tsatsa.
Sabon katakon gada ya kai tsakiya, ya tsaya yana kallon teku.
Bokiti shida suka rage mini aiki;
biyar na ba Crisanto,
da su yake fito da kifi, ruwa iya ƙirji.
Yara kuma karɓa-karɓa suke:
mako guda a bushe, mako guda a jiƙe.

Jiya ina shara na ji Malama a bakin allo:
"Rabi a tara da rabi, nawa ke nan?"
Aji ya amsa, "Ɗaya!"
Nilo bai amsa ba.
Makon jiƙarsa ne.
Ya ɗaga kai ya dubi rufi,
ya matsar da littafinsa taki guda.