Lambu, Yi Haƙuri

Ranar Talata likita ya ɗaye yanar idon dama,
ya rufe da auduga, ya kafa mini doka:
ban da sunkuyo, ban da ɗaukar bokiti,
ko sujada sai da nuni, daga kan kujera.

Ni da na shekara talatin a duƙe
bayan gida, nan Rafindaɗi cikin Katsina,
yau ga ni a zaure, a miƙe kamar taɓarya,
Dije na ɗiga mini magani sau huɗu,
tana ƙirgawa da yatsa.

Da kunne nake zaga lambun yanzu.
Na ji Ilu ya kwara gwangwani biyu ya gudu ƙwallo.
Na ji akuyar maƙwabta ta sami kafa a danga,
na yi gyaran murya, ko kai ba ta ɗaga ba.
Kuɓewa, an ce, ta ƙosa har wuƙa na shakkarta.
Alayyafo ya yi fure.
To, ya yi.

Rana ta tara na leƙa ta baƙin tabarau.
Ashe kunyoyin da nake alfahari da miƙewarsu
karkatattu ne tun tuni.
Ashe yakuwa jan jijiya gare ta.
Ashe furfurar Dije ta kai haka.

Na tsaya, hannu a baya kamar baƙo.
Ciyawa ta ci rabin albasa,
na gan ta sarai, ɗaya bayan ɗaya,
ban taɓa ta ba.
Kuɓewar da ta ƙosa kuwa, a bar ta jikin uwarta,
ita ce irin baɗi.