Bahon Keziya

A majami'armu ta Mabera kowa da nasa rabo.
Ishaku in ya hau bagade, har bango sai ya kasa kunne.
Rautha in ta ja waƙa, tsofaffi kan share ido da gefen mayafi.
Ni kuma an ce hannuna bai taɓa kuskure a ƙirgen baiko ba.
Keziya ba ta da murya, ba ta haɗa baƙi,
wurin zamanta can baya ne, kusa da randa.

Ban san aikinta ba sai a tsakiyar bazara,
da ƙanena ya kwanta asibiti, ƙafa a rataye.
Fanka ta mutu tun safe,
kwalta a waje tana laushi kamar nakiya.
A gado na bakwai akwai Arzika,
manomin albasa daga Wurno,
ciwon sukari ya cinye yatsu ya haura sawu.
Waɗanda suka kawo shi sun tafi neman kuɗi,
kwana tara ke nan.
Wari ya gina masa katanga ba tubali.
Masu jinya duk suka ja tabarmi zuwa bakin ƙofa.
Ni ma na ja tawa. Ba zan ɓoye ba.

Ranar Laraba sai ga ta,
baho a ka, sabulun salo a ƙulle bakin zane,
da tsumma uku da ta yanka daga tsohon kallabi.
Ba ta tsaya gaishe ni ba.
Ta durƙusa inda ƙudaje ke cin kasuwa,
ta jiƙa, ta matse, ta goge,
ta zubar, ta sake ɗebowa,
tana ba shi labarin akuyarta mai satar dusa
har tsohon ya yi dariya, haƙori biyu a waje.

Ya ce, "Baiwar Allah, wa yat turo ki?
Ba ni da ko sisin ba ki."
Ta ce, "Baba, miƙo ɗayar."

Da azahar ta yi ya fara waige-waige.
Ita ta gane, ni ban gane ba.
Ta yafuto ni: "Ma'aji, kama nan."
Muka juya gadon ya fuskanci gabas,
ta ja baya, ta tsaya shiru riƙe da buta
har ya shafa.

A bakin famfo na tambaye ta,
"Inna, ke ba kya jin warin ne?"
Ta ce, "Hancina ba na itace ba ne.
Akwai ranar da nake komawa gida tuwo ya ƙi shiga.
Amma in na sunkuya kan ƙafar nan
sai in tuna da wadda aka huda da ƙusa domina.
Daga nan hannu ke yin sauran."

Arzika bai ga damina ba.
Daren Juma'a ya cika, kansa bisa filon da ta ɗinka.
Da safe ta je Kara ta yi cigiyar danginsa
wurin masu sauke buhunan albasa,
ba ta zauna ba sai da aka zo aka ɗauke shi.
Sannan ta wanke baho, ta matsa gado na takwas.

Ran Lahadi ina jera kuɗi, ɗari bisa ɗari,
na ɗaga kai na hango ta tana gyangyaɗi kusa da randa.
Ba wanda ya kira sunanta a sanarwa.

Ya Ruhu mai rabo yadda ka ga dama,
tsohon nan ya kira ta baiwar Allah,
bai san ya faɗi abu biyu da kalma ɗaya ba.
Ban roƙi a ba ni nata ba, na san nauyinsa.
Sai dai Laraba mai zuwa
in ta ce, "Kama nan,"
ka sa in kasance kusa.