Muryar Gwaggo

Shekara tara tana durƙushe a bayan gidanmu a Gadarif,
kan duwatsu huɗu, kaji na ƙwai a kujerar direba.
Baba ne ya raɗa mata Gwaggo,
wai ba ta sauri, ba ta kuma fasa zuwa.
Shekarar da idonsa ya rufe, ita ma ta yi shiru.

Bana na ce sai ta taka.
Usta Attayyib ya zagaya ta sau biyu,
ya ƙwanƙwasa shasi da sifana, ya kasa kunne
kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce, "Ƙashin bayan garau yake.
Sauran kuwa, sai mun je maƙabarta."

Can bayan kasuwar riɗi motoci ke kwance,
wasu rigingine, wasu ciyawa ta fito musu ta ido.
Mun ciro sifirin daga wata roka mai jigilar rake,
ganye goma sha ɗaya, kowanne ya fi tafin hannuna kauri.
Aksul ɗin baya na motar asibiti ne,
wadda ta sha gudu da masu naƙuda cikin dare.
Giyabos, mai shi ya rantse bai taɓa ganin laka ba.
Muka buɗe, laka ce har wuya.
Muka saya duk da haka.

Ba abin da ya zauna a ramin ɗan'uwansa.
Noti ya ƙi, rami ya kauce da faɗin yatsa,
mu huda, mu gasa, mu daka, mu sake awo.
Babban yatsana ya yi baƙi, farcen ya fita ran Laraba.
'Yata Sakina ke riƙe mana tocila bayan isha,
ta haddace lambobin sifana kafin ta haddace bakwai sau takwas.
Jabana ta huce a kan taya, ba wanda ya tuna da ita.

Ƙarƙashin kujera na tsinci riɗin wata tsohuwar kaka
ya daskare da baƙin mai,
da rabin tazbaha, da rasit ɗin da rubutunsa ya gudu.
Na mayar da su inda suke. Na ɗaure kujera.

Usta ya ce, "Kai Batakare, wannan ai ba mota ba ce, zango ne,
kowane ƙarfe da garin da ya baro."
Na ce haka kakana ya iso nan,
takalmin Kukawa, rigar Abeche, bashin Alfashir,
ya nufi gabas, damina ta tsare shi, ya shuka dawa.

Ran da hadari ya haɗo daga wajen Habasha
muka ɗaura batirin aro.
Murɗa ta farko, ƙyas.
Ta biyu, wani nishi.
Sakina ta dafa bodi tana motsa baki.
Ta uku, hayaƙi ya turnuƙe zaure, kaji suka watse,
ƙasa ta ɗauki rawa har cikin haƙorana.

Baba ya fito yana lalube bango.
Ya tsaya, ya karkata kai, ya daɗe.
Ya ce, "Wannan ba muryarta ba ce."
Ban ce komai ba. Hannuna na kan makulli.
Sai injin ya sarƙe, ya yi tari biyu, ya kama,
irin tarin nan na asuba da ya tashe ni duk yarintata.
Ya ɗora tafinsa a kan bonet mai zafi.
"Tarin dai nata ne," in ji shi.
"Buɗe min ƙofa. A'a, ta waje ake ɗaga ta, ka manta?"

Baƙar lakar gona na jiranmu, mai haɗiye tarakta.
Na sa giyar ƙafa huɗu tun daga ƙofar gida.