Abin da ke Bayan Tumbi

Shekara talatin ina fawa a Abatuwa.
Rufe min ido ka miƙo kayan ciki,
zan ce maka ga hanta, ga saifa,
ga matsarmama, a cire ta a hankali.
Hantar da ta lalace kuwa, yatsa ke fara sani:
tauri, da ƙuraje kamar bayan kwaɗo.
Likita ta ce tawa haka ta koma.
Ban yi musu ba.

Ni da Davou ƙwarya ɗaya muka ɗaga a Kugiya
tun yana wankin kuza a Bukuru.
Burkutu da hantsi, goskolo in sanyi ya sauko daga duwatsu.
In ya sha uku, sai na sha huɗu,
don kada a ce ɗan Jatau ya ji tsoro.
Tare idonmu ya yi rawaya,
tare wando ya daina kama ƙugu.

Amma shi kaɗai ke naɗewa a tabarma,
gwiwa a haɓa,
yana cewa an soke shi a ƙahon zuci, tsinin ya fito ta baya.
Ko romo ya kurɓa sai ya dawo.

A Lamingo, ɗaki na sama, Dakta Nanret ta juya takardar magani
ta zana wani abu mai kama da ganyen mangwaro.
Ta ce fankiriyas.
Na ce ba ma sayar da wannan.
Ta yi dariya, ta ce yana nan, bayan tumbi yake ɓuya,
shi ke wasa wuƙaƙen da ke yanka abinci a hanji.
Wasu, in ji ta, tun daga iyaye
kubensu bai da ƙarfi.
Giya ta zo ta tura,
wuƙa ta zare tun tana cikin gida,
sai ta hau yankan mai ita.

Na ce, to ni fa?
Ta ce wataƙila kubenka mai kauri ne. Wataƙila.
Ba mu gama karanta rubutun ba, Malam Tanko,
shi ya sa muke roƙon jini.
Muka dangwala yatsa, ni da shi,
kwalba biyu ƙanana, lamba a jiki maimakon suna.

Davou ya ce babansa bai bar masa gona ba,
bai bar akuya ba, ko fartanya ta aro ce.
Ashe akwai gado.
Ga shi kwance a kan wani gadon, na ƙarfe,
yana cin wancan.
Ya so ya yi dariya, cikin ya hana.

Kangyang, 'yarsa, ta tare likita a bakin matakala
da fulas ɗin gwate a hannu.
Ni ma ina da shi?
Ƙila, ƙila a'a.
Ko kina da shi, busasshiyar ciyawa ce, ba gobara ba.
Ki nisanci ashana: kwalba, da taba.
Yarinyar ta juyo ta dube ni.
Ni da na saba sayen zagaye na farko
sai na tsaya gyaran hula.

Wata bakwai ke nan ban bi ta Kugiya ba.
Hannuna ya rage rawa.

Jiya da asuba muka kayar da wani bijimi.
Na kori yaran, na tsuguna ni kaɗai,
na ɗaga tumbi, na bi hanji da yatsa.
Ga shi nan.
Fari-fari, laushi, manne da kitse,
abin da nake haɗawa da tarkace in jefa wa karnuka
shekara talatin ban tambayi sunansa ba.

Na daɗe riƙe da shi a tafin hannu
har wani ya daka min tsawa daga teburi
cewa masu sayen hanta suna jira.